Yadda Na Gangaro da Injiniya

Ni na fara ganin abin nan, kafin lauyoyi, kafin masu surutu a rediyo, kafin ma alƙalan da abin ya shafa. Yanzu kowa ya iya buɗe baki ya ce ai dokar ciyarwa ta nan daban, ta tsallaken gada daban. Ranar da ni na faɗa, dariya aka yi mini a teburin mai shayi, har wani ya ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ban yi makaranta ba. Shigata aji ɗaya ce a duniya, ita ma ambaliya ce ta kore mu muka fake a ciki. Amma na tura amalanke tun gashina yana baƙi har gwiwa ta ce ta gaji, kuma wanda ya tura kayan mutane ya fi maƙwabtansu sanin cikin ɗakinsu. Babbar mota ta taɓa bi ta kaina, ita ce ta kwana a gareji, ni na kwana a gida. Wani likita ya taɓa kiran iyalina gefe ya ce su yi haƙuri, ni na je gaisuwar rasuwarsa. Saboda haka in na ce na ga abu, a sa kunne.

Da na ajiye turi sai na samu benci a bakin gada, kusa da mai shayi, ina kallon aikin yaran da suka gaje mu. In iyali za su tashi, kayan ba sa ɓuya: tukwane, bokitai, katifar yara mai zanen fitsari, uwargida tana bin amalanke tana faɗa kada a fasa mata madubi. Sai na fara ganin wani irin kaya daban. Katifa ƙarama, fanka, rediyo, buhun tufafi. Babu tukunya ko ta dafa ruwa. Mai kayan yana tafe a baya yana waige kamar wanda ya taka wa wani ƙafa a kasuwa. Kuma duk hanya ɗaya suke yi, daga nan zuwa can, ban taɓa ganin irin kayan sun dawo ba. Da na bincika, kowannensu bai daɗe da sallamar matarsa ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai san wurin ba. Kogi ne ya raba garin biyu, gada ta haɗa. Kasuwa ɗaya muke ci, muna auren juna, amma kowane ɓangare da hukumarsa da kotunsa. A ɓangarenmu, in alƙali ya yanka wa mutum abin da zai riƙa ba 'ya'yansa da uwarsu bayan rabuwa, ba ya zama jiran imaninsa. Masinjan kotu zai je inda yake aiki, a cire rabon yara kafin kuɗin su ji ɗumin aljihunsa. In mai sana'ar hannu ne ya yi taurin kai, a ɗauke kayan aikin har ya tuna yana da 'ya'ya. Sharaɗin kawai, sai takardar sammaci ta shiga hannunsa yana kan ƙasar nan ɓangaren. In ta faɗi ƙasa, ko an ba maƙwabci, ba ta ci ba.

A tsallake kuwa, alƙalinsu shi ma yana yankawa, har ya fi namu iya nasiha, mace ta fito tana hawayen daɗi. Daga nan shi ke nan. Masinjansu guda ne, babur ɗinsa kuma tun ina turi yake jiran taya. A can uwar yara ba ta da komai, yaran ma sai gwargwadon hali, halin kuma uban ne ke faɗarsa da bakinsa.

Ina ta yi wa mutane wannan bayani kyauta, ashe abin yana hanyar gidana.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, tana aikin guga a wani shagon wanki. Mijinta bakanike ne, amma shi da kansa ya sayi fenti ya rubuta Injiniya a ƙofar garejinsa, sunan ya bi shi. 'Ya'yansu biyu, duk mata. Da zaman ya ƙi suka rabu, ba zan shiga dalili ba, ba shi ya kawo mu ba. Alƙalinmu ya yanka masa na yara da na hayar ɗaki, ya ce ya ji ya gani. Wata ya mutu, wani ya kama, ko tsinke bai aiko ba. Wata safiya ina kan bencina sai ga amalanke: katifa, fanka, rediyo, a samansu kuma jan akwatin ƙarfe na sifanu. Ga Injiniya a baya. Har ya rusuna ya ce, “Baba, sannu da hutawa.” Na amsa masa, don ni ba a yi mini tarbiyyar banza ba. Amma shayin ranar a kofi ya huce.

Auta ta bi shi tsallake da takardar kotunmu. Suka karɓe ta da mutunci, suka ba ta kujera. Suka ce takardar nan tana da kyau, saura hatiminsu. Mai hatimi ya tafi hutu. Da ya dawo, mai makullin durowar da hatimin yake ciki ya tafi. Duk zuwan da za ta yi sai ta bar guga, mai shago ya yanke mata na ranar. Daga ƙarshe wani magatakarda ya ba ta shawara tsakani da Allah ta je ta yi haƙuri, maza sai da lallashi.

Shi kuwa Injiniya, da farko yana shigowa nan sayen kayan gyara, amma hannuwansa biyu a aljihu. Ba ya gaisawa da kowa, mai shago ke zuba masa kaya a jakar da ya rataya a wuya. Masinjanmu, wani siriri mai haƙuri kamar raƙumi, ya taɓa tare shi a kasuwa. Injiniya ya cusa hannuwa a hammata, ya taka har gada yana fito, masinja na binsa da takarda kamar mai tallan da aka ƙi saya. Daga ranar ya daina shigowa gaba ɗaya.

Ɗakin da Auta ta kama bayan rabuwar na wata mata ne da ake kira Mai Ƙwai, don ƙwai take rarraba wa shaguna a wata tsohuwar motar da mijinta ya mutu ya bari. Ba muguwa ba ce, ta yi ta ɗaga ƙafa har ƙafar ta gaji. Ta kira Auta ta ce in wata ya ƙare babu labari, akwai mai son ɗakin. Ni ɗakina a bayan wani sito yake, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. In ɗakin Auta ya tafi, sai dai a raba yaran, babbar wajen gwaggonta, ƙaramar wajen kawunta, ita kuma ta riƙa kwana a kan teburin guga. Ta zo ta faɗa mini wannan ba tare da kuka ba, tana ninke gefen mayafinta tana warwarewa. Na ce ta tashi ta je, ta bar ni da surukina. Ta ce, “Baba, ya daina zama surukinka.” Na ce a wajena sai ya biya zai daina.

Daga bencina ana hango garejinsa, a saman tudu, can tsallake. Na zuba masa ido kamar yadda nake zuba wa kaya ido kafin in ɗaura igiya. Sai na ga yadda yake aiki. Ba shi da na'urar cajin batir, don haka duk motar da batirinta ya yi sanyi, turawa ake yi ta gangaro, shi yana kan sitiyari, ya sake mata kuloci ta tashi. Ba ya yarda kowa ya riƙe sitiyarin motar da ya gyara. Akwai wani turken wuta gab da gada, nan ne iyakarsa, in ya iso ba ta tashi ba sai ya take birki a mayar da ita sama. Kuma duk gangarowa da jan akwatinsa a kujerar gefe, saboda a tsallake ɓarawo ma nasiha ake yi masa a sallame shi.

Wannan gangare kuwa babu wanda ya kai ni saninsa, a kansa na bar gwiwata. Daga turken wutar nan yake ƙara zurfi, gadar ma kanta ta sunkuyo wajenmu, don gaɓarmu ta fi tasu ƙasa. Duk abin da ya wuce turken nan a kan taya huɗu, sai ya sha ruwa a ɓangarenmu.

Na je na samu Mai Ƙwai, don motarta ba ta taɓa tashi da makulli ba, kullum a gangare take ajiye ta. Kuma Injiniya bai san fuskarta ba, tunda bai taɓa zuwa ya ga inda 'ya'yansa ke kwana ba. Na shimfiɗa mata dabarar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Tsoho, ni ba kotu ba ce, ƙwai nake sayarwa. In motar marigayi ta faɗa kogi fa?” Na ce mata in ta faɗa, ni zan shiga in ɗauko ta, kogin ya san ni. Na kuma tuna mata cewa sabon ɗan haya ma namiji ne, kuma gada ba ta da ƙofa. Sai ta tambaye ni wace rana.

Masinja ya ce shi ba ruwansa da yadda mutum zai iso, in dai ya iso. Ya yi alkawarin zama wajen mai shayi bayan azahar, takarda a aljihu. Auta kuma ta ce za ta laɓe a bayan rumfar, tana son ta gani da idonta.

Ranar na riga kowa hawa tudun, da sandata, ina hutawa a hanya. Injiniya ya gan ni ya sha jinin jikinsa, ya leƙa bayana ko da wani. Na ce masa ya kwantar da hankali, zumunci ya kawo ni, abin da ke tsakaninsa da Auta nasu ne. Na ƙara da cewa da a zamaninmu akwai irin wannan gada, da ni ma ban san inda zan ƙare ba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya ce shi ya sa yake ganin girmana, na fahimci rayuwa. Ya yi mini kukan kasuwa, aiki babu, kaya sun yi tsada. Sabon agogo yana ta ƙyalli a hannunsa yana yi mini kukan.

Sai ga Mai Ƙwai ta hauro, mota na tari, kwalayen ƙwai a kujerar baya. Ta ce in tana hawa tudu sai motar ta riƙa fizga. Injiniya ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya ce tun kafin ta tsaya ya ji ciwon, fulogi ne. Ya kwance su ya wanke, yana ba ta labarin manyan motocin da suka gagari kowa shi ya tashe su. Ni kuma na ja wata tsohuwar taya na zauna a bayan motar, wai inuwa nake bi. Tsumman da yake goge hannu yana rataye a kan jak. Na ɗauka na dunƙule, na tura shi cikin salansa, wato bututun hayaƙi, na bi shi da sanda har ya shige sosai. Wannan a tashar mota na koye shi, a wajen yaran da direba ya hana kuɗin lodi. Mota in an toshe mata numfashi ba ta ƙin tashi gaba ɗaya. Kamawa take yi ta mutu, ta sake kamawa ta mutu, ta yi ta ba mutum rai.

Ya rufe bonet, ya ɗora jan akwatinsa a kujerar gefe, ya shiga ya ce a taɓa ta. Mai Ƙwai da wasu 'yan zaman banza biyu suka sa hannu, ni ma na jingine sanda na sa kafaɗa. Ya leƙo ya ce, “Baba, bar shi, kada ka ji ciwo.” Na ce masa tun ba a haifi ubansa ba nake wannan aiki.

Da gangare ya karɓe ta, sauran suka saki. Ni na ɗare bamba na kama ƙarfen rufi, yadda muke yi wa amalanke in ya ɗauki gudu. Ya sake kuloci, ta yi tari, ta kama, ta shaƙe. Na ce, “Ta kusa, ɗana, sake mata.” Ya sake, ta yi gurnani kamar za ta tafi, ta mutu. Turken wuta yana matsowa, na ga jar fitilar birki ta fara haske, sai na buga rufin na ce ai na ji ta, saura ƙiris, in ya tsaya yanzu matar nan za ta ce bai iya ba. Fitilar ta mutu. Ya sake mata, ya sake mata, kansa a sunkuye yana sauraren inji, yana zaginta ƙasa-ƙasa. Turke ya wuce. Na ji ƙarar gada a ƙarƙashinmu, iska tana neman hulata, ƙwai suna ta faɗa da juna a kujerar baya. Ba ta tsaya ba sai da ta wuce mai shayi, ta je ta numfasa daidai ƙofar garejin Gajere.

Gajere shi ne ubangidan da ya koya wa Injiniya aiki tun bai san bambancin sifana da cokali ba. Sun ɓata ranar da yaron ya rubuta Injiniya a ƙofa, alhali shi Gajere har yau bakanike ake ce masa.

Na diro, gwiwa tana zagina, na waiga wajen mai shayi. Bencin masinja babu kowa. Mai shayi ya ɗaga mini hannu alamar ya tafi, daga baya na ji wai an kira shi ya kai wata takarda can cikin gari. Na hango Auta ta fito daga bayan rumfa ta tare babur, ta hau ta bi sawun masinjan ba ta ko tsaya ciniki ba.

Injiniya ya fito, ya ga inda yake, fuskarsa ta koma kamar tsumman da na ara. Nan take hannuwa suka shige aljihu. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga siririn mutumin ba, sai ya zaro hannu ɗaya ya sunkuci akwati ya nufi gada. Tafiyar ba ta da nisa, yaro ma zai jefa dutse ya kai.

Wani zai ce dabara ta ƙare mini a nan. Ba ta ƙare ba, numfashi take mayarwa. Mai Ƙwai ta iso tana haki, zani a hannu, sai na tare ta da murya yadda duk layin zai ji. Na ce ta yi haƙuri, Allah ya taimake ta motar ta kawo kanta babban gareji, yanzu sai a ba manya su duba.

Gajere yana zaune a kan benci da kofin shayi. Bai san komai a kan shirinmu ba, amma ba a koya wa irinsu wannan. Ya taso a hankali, ya zagaya motar, ya tambayi wa ya taɓa ta. Da aka nuna masa, ya ce, “A'a, Injiniya ne da kansa? Je ka abinka, ɗana, akwai hawa a gabanka. In na gama shayina zan sa mata hannu, ba wani abu ba ne.”

Masu faci da masu sayar da baƙin mai duk sun miƙe suna kallo. Injiniya ya tsaya, ƙafa ɗaya ta riga ta hau gada. Na ga ƙeyarsa tana shawara. Sai ya juyo, ya dire akwatin a gaban motar har sifanu suka yi ƙara, ya ce motar da ya fara babu mai ƙarasa masa ita, a ba shi wuri.

Ya buɗe bonet, ya sake kwance fulogin da ya ɗaura, ya tsotsi tiyon mai ya tofar, ya duba wuta. Komai lafiya. Gumi ya fara bin gemunsa, ya laluba tsummansa a cikin akwatin bai samu ba, ya goge da hannun riga. Can ya ce ciwon a ƙasa yake, bututun mai ne ya toshe. Ya ɗaga ta da jak, ya shimfiɗa kwali, ya shige har sai ƙafafu kawai ake gani.

Gajere ya ci gaba da zagaye da kofinsa. Da ya iso baya, na ga idonsa ya sauka a kan salansa, inda bakin tsumma ya ɗan leƙo. Ya dube ni. Na dubi sama ina neman hadari. Sai ya gyara tsayuwa ya rufe wurin da ƙafarsa, ya kurɓi shayi.

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san bakanike in yana ƙarƙashin mota ba ya da ido, hannu kawai yake da shi. Zai miƙo shi waje ya faɗi abin da yake so, duk abin da aka sa masa ya damƙe ya ja ciki. Hannu ya fito ya ce, “Baba, miƙo mini sha biyu.” Ni da ban san sha biyu a rubuce ba ko da za ta gaishe ni a hanya. Na zaɓi wadda ta fi kyau na ba shi. Ya jefo ta ya ce ba ita ba. Na ba shi wata, ya ce wannan ai ta taya ce. Na ba shi filaya. Rashin karatuna bai taɓa yi mini rana irin ta ranar ba, ko da gangan nake yi ba zan kai haka ɓata masa lokaci ba. Yana ta tsaki a ƙasa, yana cewa Baba don Allah ka duba lambar, ni kuma ina cewa ido ne ya tsufa.

Ana haka babur ya tsaya nesa kaɗan. Auta ta sauko, masinja na biye da ita yana gyara hula. Ta ɗora yatsa a baki, duk layin ya yi tsit, har mai faci ya kashe injinsa. Ta tsuguna a gefen akwatin, ta ture hannuna. Shekarun da ta yi da mutumin nan, tun ba su da yaron shago, ita ke miƙa masa kaya in aiki ya kai shi dare. Hannu ya fito, kafin ya yi magana ta sa masa sifana. Muka ji ta kama ƙusa daidai. Ya ce, “Yauwa, yanzu aka samu mai hankali a wurin.” Hannu ya sake fitowa, ta sa masa wata, ita ma daidai. Ya fara fito.

Da hannun ya fito na gaba, a buɗe, baƙi ƙirin da mai, sai Auta ta matsa gefe. Masinja ya durƙusa, ya ninke takardar ya ɗora a tafin. Yatsu suka rufe, hannu ya koma ciki.

Fito ya tsaya. Ƙafafun nan da ke ta motsi suka miƙe kamar na wanda aka yi wa allura. Can murya ta fito daga ƙasa, a hankali, tana tambayar wane ne a wurin.

Auta ta ce, “Wadda ta san lambar sifanunka ce.”

Bai fito ba. Daga can ƙasa ya fara bayani, kasuwa ta mutu, yana nan yana tarawa, dama niyyarsa ƙarshen wata ya aiko, bai kamata a yi masa haka a gaban mutane ba. Ta bar shi ya gama. Ba ta ɗaga murya ba, da ƙafafun take magana kamar su ne mutumin. Ta ce ita ba ta zo tonon asiri ba, ɗaki take so ya tsaya, yaran su kwana wuri ɗaya. Sannan ta ce, “Ƙaramar ta daina tambayar yaushe za ka zo. Ba ni na hana ta ba, ita ta gaji.”

Wannan ce ta fito da shi. Ya jawo jiki, ya zauna a kan kwali, takarda a hannu da shatin yatsunsa biyar a kanta. Masinja, wanda ya riga ya zauna a kan jan akwatin, ya leƙa ya ce ba sai an sa hannu ba, wannan ya fi sa hannu kyau.

Injiniya ya ɗago ya dube ni ya ce, “Baba, har da kai?”

Na ce, “Ni turi kawai na yi, ɗana. Kai ke riƙe da sitiyari.”

Washegari alƙali bai ja zance ba. Ya ce akwatin ba zai sake haye gada ba. In Injiniya yana son sifanunsa, ya yi aiki da su a nan ɓangaren, a garejin da kotu ta sani, mai garejin ya riƙa cire rabon yara da na haya kafin ya miƙa masa saura, bashin baya kuma a riƙa ragewa da kaɗan-kaɗan. Aka tambaya ko akwai mai garejin da zai karɓe shi. Gajere ya miƙe tun ba a rufe baki ba, ya ce ai ɗansa ne, shi ya rene shi. Ban taɓa ganin mutum ya yi alheri yana jin daɗin mugunta irin haka ba.

Kafin wata ya mutu kuɗin farko suka shiga hannun Mai Ƙwai, ta sallami mai son ɗakin. Yaran suna nan tare, katifa ɗaya, suna faɗa a kan bargo. Injiniya har yanzu a tsallake yake kwana, amma kullum da safe sai ya gangaro da ƙafa ya wuce ta gabana. Yana gaishe ni, ba laifi, sai dai ya daina rusunawa. Ran nan na hango shi a ƙofar gidan Mai Ƙwai da ledar lemo, yana tsaye kamar mai neman aiki. Ban tambaya ba, ba a aike ni ba.

Motar kuwa, bayan Injiniya ya bar wurin ranar, Gajere ya zagaya baya kamar zai ɗaure takalmi, ya dawo ya shafa bonet ya ce a taɓa ta. Tashi ɗaya ta yi. Har yau ana cewa hannunsa ba na banza ba ne, ni kuma na bar masa, don ni suna ya ishe ni. Mai Ƙwai ce kawai ba ta yafe ba, wai ƙwan da suka fashe a kaina suke. Na ce ta kai ni ƙara a tsallake.

Tun daga nan mata suke zuwa bencina, wannan mijinta tela ne ya haye, wannan mai aski, wannan malamin makaranta. Ina gaya musu gaskiya, tela ba ya gangarowa, keken ɗinki ba a tura shi ya tashi. Nasu yana can inda ya fi ƙarfin sandata, sai ranar da masu hatimi na nan da na can suka ga dama suka zauna a tebur ɗaya. Wasu suna tafiya suna share ido, wannan kam ba na ba da labarinsa da dariya.

Na ji akwai masu cewa ƙari nake yi, wai tsoho mai gwiwa ɗaya ba zai hau bamba ya haye gada ba, wai tsumma ba ya kayar da bakanike. To, ba na rantsuwa a kan abin da ido zai iya gani. Mai shakka ya zo bakin gada da motarsa, kowace iri ce, ya ajiye ta kusa da bencina, ya juya baya ya sha shayi kofi ɗaya. In ya tashe ta bayan nan, ni zan biya shayin.